Baƙin man tsohon inji a zafin Kano: 15W-40, 20W-50, SAE 40 ko tiritmen?

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da tsohuwar mota a Kano ya san jar fitilar nan mai siffar buta da ke kan dashbod. Da safe idan an tayar da inji takan mutu nan take, a yi ta harkoki lafiya ƙalau, sai rana ta take, an shiga cunkoson Kurna ko na Ƙofar Wambai, direba ya ɗauke ƙafa daga totur, sannan ta fara ƙiftawa. Da an ɗan taka kuma sai ta ɓace kamar ba ita ba. A wannan gaɓa ce shawarwari suke yi wa mai mota yawa. Wani ya ce a koma SAE 40 domin shi ne man tsofaffin injina tun zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, wani ya ce 20W-50, wani ya ce a zuba na dizal, wani kuma ya miƙo gwangwanin tiritmen mai kauri kamar zuma ya rantse cewa shi ne maganin abin. Na sha wannan ruɗani da wata tsohuwar Golf 3 da na riƙe shekaru, na kashe kuɗi a inda ya dace da inda bai dace ba, kuma abin da na tsinta a ciki shi ne zan shimfiɗa a nan saboda wanda yake tsaye a gaban kanti bai san galan ɗin da zai ɗauka ba.

Abin da fitilar take faɗa

Famfon mai ba shi ne yake samar da ƙarfin da kanikawa ke kira firesha ba. Aikinsa ya ɗebo mai daga kaskon ƙasan inji ya tura, ita kuwa firesha tana taruwa ne saboda man ba shi da mafita sai ta ƴan siraran tazarori da ke tsakanin karanshaf da metal, wato siraran ƙarafan da yake juyawa a kansu, da kuma na kamshaf. A lafiyayyen inji wannan tazara takan tsaya wajen milimita 0.02 zuwa 0.05, wato ba ta fi kaurin silin gashi ba. Wanda ya taɓa ban ruwa da tiyo ya san lamarin: idan ka matse bakinsa da yatsa ruwa ya yi tsiri ya tafi da nisa, idan ka saki ya zubo a gabanka, alhali famfon bai canza ba. Metal ɗin da ya ci, yatsa ne da aka sassauta.

Akwai lissafi guda da ya kamata mai mota ya riƙe kafin ya ɗora dukkan fatansa a kan mai. Idan tazarar ta ninka sau biyu, man da zai iya tserewa ta cikinta yakan kai kusan ninki takwas. Hawa daga mai lamba 40 zuwa mai lamba 50 kuwa, ƙarin kaurin da yake kawowa da zafi bai wuce kwata zuwa sulusi ba. Saboda haka mai kauri yana iya rufa wa inji asiri idan cin bai yi nisa ba, amma ba zai taɓa cim ma ƙarfen da ya riga ya tafi ba.

Lambobin da ke jikin galan daga ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka suke, wadda ake taƙaita sunanta da SAE. Lambar farko mai harafin W tana nuna halin man a tsananin sanyi; misali 20W ana gwada shi ne a digiri 15 ƙasa da sifili, sanyin da Kano ba ta sani ba, domin ko a tsakiyar hunturu da asuba ma'auni yakan tsaya a goma sha wani abu. Lamba ta biyu ita ce ta shafe mu, domin ita ce kaurin man a digiri 100, inda inji yake aiki. A ma'aunin kauri da ake kira sentistok, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 tsakanin 16.3 da 21.9. A watan Afrilu, lokacin da iskar gari kanta ta haura digiri 40, man da ke cikin injin da ya daɗe a cunkoso yana wuce digiri 100 ɗin nan, ya ƙara tsinkewa, kuma a daidai lokacin ne inji yake silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, famfo yana juyawa a hankali. Shi ya sa fitilar ta fi son azahar.

A auna kafin a saya

Suwic ɗin da ke kunna fitilar ba ya motsi sai firesha ta faɗi zuwa wajen 0.3 ko 0.5 a ma'aunin firesha da ake kira bar, kuma shi kansa yana lalacewa, yana ƙarya. Don haka kafin a sayi ko lita ɗaya, a sa bakanike ya kwance shi ya ɗaura geji mai allura a gurbinsa. Kada a auna inji yana sanyi, kada kuma a yarda da cewa ai allurar ruwa ta kai tsakiya, domin mai ya fi ruwa jinkirin ɗaukar zafi. A yi tafiyar minti 20 zuwa 30, ko da daga Na'ibawa zuwa Hotoro ta baifas ne a dawo, sannan a karanta a silo, a kuma karanta a juyi 2,000 da 3,000 a minti.

Kamfanoni sun rubuta mafi ƙarancin abin da suka yarda da shi. Littattafan Toyota na injina irin 4A-FE da 5S-FE sun ce bar 0.3 ko sama a silo, da bar 2.5 zuwa 5 a juyi 3,000. Na tsofaffin Mercedes sun ce bar 0.3 a silo da bar 3 a juyi 3,000. Na Volkswagen sun nemi bar 2 a juyi 2,000 idan mai ya kai digiri 80. Wanda ba shi da littafi yana iya amfani da tsohuwar ƙa'idar kanikawa, psi 10, wato kimanin bar 0.7, ga kowane juyi 1,000. Abin lura a nan shi ne firesha ta silo ba a buƙatar ta da yawa. Ta lokacin tafiya ita ce ran inji.

Yadda allurar ta motsa ya fi lambar kanta bayani. Idan ta yi ƙasa a silo amma ta tashi da kyau da an taka, alamar metal ne ya fara ci, kuma a nan ne zaɓin mai yake da tasiri. Idan ta yi ƙasa ko'ina, a tuhumi famfo, ko bawul ɗinsa na rage firesha da ya maƙale a buɗe, ko cin da ya wuce gona da iri. Idan kuwa ta tashi sannan ta fara faɗuwa ko rawa yayin da juyi ke ƙaruwa, to famfon ne ba ya samun abin sha.

Wannan na ƙarshen shi ne ya same ni. Golf tana da suwic biyu, na biyun yana kaɗa ƙararrawa idan juyi ya haura 2,000 amma firesha ba ta kai bar 1.4 ko 1.8 ba, gwargwadon inji. Tawa ta riƙa kuka a kan hanyar Wudil, ni kuma ina ta ɗura mata tiritmen, kukan yana ƙaruwa. Ranar da aka ɗaura geji, bakaniken ya dubi allura ya ce a kwance kasko. Da aka ciro rariyar famfo, sai ga ta a toshe da baƙin dagwalo kamar daddawa, haɗe da guntattakin jan gam da wani ya lafta wa gaskit a gyaran baya. Ya ɗaga ta a rana, haske ba ya ratsa ko rabinta, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ba kauri yake nema ba, shaƙe shi aka yi." Duk gwangwanin da na zuba ƙara masa wahalar zuƙa ya yi.

Sauran abubuwan da ke sauke firesha ba tare da laifin metal ba sun haɗa da fetur da ke tsiyaya cikin mai saboda kafireta ko nozul da suka lalace, wanda ake ganewa idan aka shinshina sandar geji ko aka ga mai yana ƙaruwa da kansa, da lagireto da ya toshe, da filtar banza, da silo da aka sauke ƙasa don tsimin fetur.

Ma'aunan da zan bi

Na farko shi ne ko man zai riƙe firesha bayan inji ya yi zafi sosai, ba a ranar juye kaɗai ba, har bayan kilomita 2,000 ko 3,000, domin wasu mayukan suna tsinkewa da aiki. Na biyu shi ne saurin isarsa saman inji da safe. Mai kauri da sanyi yana nuna firesha mai yawa, amma kaso mai tsoka na man yana komawa kasko ne ta bawul ɗin famfo, wani kuma yana kewaye filta ba tare da an tace shi ba, don haka babbar lambar safe ba shaidar cewa ƙarfe ya jiƙe ba ce.

Na uku shi ne sinadaran da ke ciki, waɗanda haruffan API suke nunawa. Na fetur suna farawa da S: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Duk galan ɗin da ya ce SA, kusan zallan mai ne ba sinadari, kuma cibiyar man fetur ta Amurka da ta tsara haruffan ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Ga tsohon inji SL ya wadatar. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: tun daga SM aka ƙayyade sinadarin fosfaras a sirara irin 5W-30 da 10W-30 kada ya wuce kashi 0.08 cikin ɗari domin kare matacin hayaƙin salansa, wanda a gareji ake kira indomi, alhali shi da zink ne suke kare kamshaf da tafet na tsofaffin injina. Wannan iyaka ba ta hau kan 15W-40 da 20W-50 ba.

Na huɗu kuɗi, kuma ba farashin galan kaɗai ba. Injin da yake shan lita ɗaya a kilomita 1,000 zai sha lita biyar kafin kilomita 5,000, wato galan guda na ciko a kan na juye. Tun da aka saki naira a 2023 farashin baƙin mai yake bin dala, domin ɗanyen man da ake haɗa shi da shi yawanci shigo da shi ake yi, don haka zan kwatanta su ne da juna maimakon in ambaci kuɗin da zai tsufa kafin wata. Na biyar shi ne sauƙin samu da haɗarin jabu, wanda a ganina ya fi kashe injina a garin nan fiye da kuskuren lamba.

5W-30 da 10W-30

Su, ko waɗanda suka fi su tsinkewa kamar 5W-20, ne abin da aka rubuta a murfin yawancin motocin da suka shigo daga Amurka, irin Corolla da Camry da Accord na bayan 2000. Suna isa ko'ina da sauri, suna rage shan fetur kaɗan, kuma injina masu tsarin VVT-i ko VTEC, waɗanda suke amfani da mai wajen sarrafa kamshaf ta ƙananan hanyoyi, da sirara irinsu aka tsara su. Matsalarsu ita ce a injin da ya ci su ne farkon tsinkewa da azahar, su ne kuma suka fi saurin wucewa ta ringi. Suna da tsada, yawanci sintetik ne, kuma tsadar tasu ta sa masu jabu suke son su. Idan geji ya nuna firesha tana cikin ƙa'ida da zafi, babu dalilin barin su don kawai mota ta tsufa a shekaru.

10W-40

Mataki ɗaya ne sama, kuma shi ne ya fi dacewa da waɗancan injinan idan sun fara gajiya. Da zafi yana da kaurin lamba 40, da safe kuma yana gudu fiye da 15W-40. Akwai nau'insa da ake yi musamman don injinan da suka wuce mil 75,000, kimanin kilomita 120,000, mai sinadarin da ke ɗan tausasa robobin da suka bushe. Rauninsa shi ne na araha daga cikinsa ya dogara sosai da sinadarin ƙara kauri, wanda yake yankewa da aiki, sai ka ga man da ya shiga a matsayin 40 ya fito kusa da 30. Maganar da ake yi cewa sintetik yana sa inji yoyo, gaskiyarta rabi ce: ba ya huda komai, yana wanke dattin da ya daɗe yana toshe tsaga ne, sai yoyon da ke ɓoye ya bayyana.

15W-40

Wannan shi ne wanda ake kira man dizal, irin su Mobil Delvac da Total Rubia, kuma a ganina shi ne zaɓin da aka fi rainawa alhali ya fi yawancinsu ƙwari. An yi shi ne don manyan motoci masu aiki awa da awanni cikin zafi da ƙura, saboda haka ba ya saurin tsinkewa, yana da sinadarin wanke datti da yawa, yana kuma da zink da fosfaras ɗin da tsofaffin kamshaf suke so. Sharaɗin zuba shi a injin fetur shi ne a ga harafin S a bayan na C, wato harafin dizal, a jikin galan, kamar CI-4/SL ko CH-4/SJ. Farashinsa kusa yake da na 20W-50, kuma ana samunsa a duk inda tirela ke tsayawa.

Haɗarinsa biyu ne. A injin da ya shekara yana cin man banza, ƙarfin wankinsa yana iya sakin dagwalo ya tafi rariya, don haka juyen farko da na biyu a yi su da wuri, wajen kilomita 1,500 zuwa 2,000, a canza filta kowane karo. Sannan idan inji yana ƙona mai da yawa, tokarsa tana taruwa a fulogi, tana kuma rage wa indomi kwana idan har motar tana da shi. Ta fuskar firesha kuwa, lamba 40 ce. Idan an riga an gwada 40 mai kyau fitila ta ci gaba da ƙiftawa, shi ma ba zai yi abin al'ajabi ba.

20W-50

Ba a banza ya zama man gari ba. Total Quartz 5000, da Mobil Super, da na Ammasco da ake haɗawa a nan Kano, duk suna da wannan lamba, kuma babu gidan mai ko kantin da za a rasa shi. Shi ne yake ba da ƙarin kwata zuwa sulusin nan na kauri da zafi, wanda sau da yawa ya isa ya ɗaga allura daga bakin iyaka ya kashe fitilar silo, ya rage shan mai da shuɗin hayaƙi, ya kuma lafar da ƙarar tafet da rana. Littattafan motoci da yawa na shekarun 1980 da 1990 sun lissafa shi a cikin abin da aka yarda da shi a ƙasashe masu zafi, don haka zuba shi a 504 ko Golf ko Mercedes 200 ba karya doka ba ne. Lambar 20W da take tsorata mutanen Turai ba ta da wani nauyi a garin da ruwa ba ya daskarewa.

Duk da haka yana da farashin da ba a gani a kanti. Da asubar hunturu yakan ɗauki ƴan daƙiƙu kafin ya hau sama, kuma wanda yake tayar da mota ya taka totur nan take yana cin kamshaf ɗinsa kowace safiya; a ba shi minti ɗaya, a kuma tafi a hankali har allura ta motsa. Yana ƙara shan fetur kaɗan. A injina masu VVT-i yana iya jinkirta aikin kamshaf, musamman idan ƴar rariyar da ke gaban bawul ɗin ta fara toshewa. Babban haɗarinsa kuwa shahararsa ce, domin abin da aka fi saya shi aka fi kwaikwaya. A saya a gidan man kamfanin ko wajen dillalinsa, a duba hatimin murfi da lambar rukuni da alamar hukumar SON, kuma bayan juye a huda galan ɗin kafin a jefar, saboda masu sayen fankon galan ba duka ne suke zuba ruwa a ciki ba.

SAE 40 da man awo

SAE 40 mai lamba ɗaya yana da alheri guda na gaskiya: ba shi da sinadarin ƙara kauri, don haka babu abin da zai yanke. Shi ya sa ya dace da janareta da injin ban ruwa, waɗanda ake tayarwa sau ɗaya su yini a juyi guda. Amma a mota yana yaudarar ido. Idan aka tsiyaya shi a yatsa da safe, kaurinsa kusan ɗaya ne da na 20W-50, sai mai saye ya ɗauka ya samu mai ƙarfi, alhali da ya kai digiri 100 ya koma lamba 40 kamar kowane 40. Wato ya ɗauki nauyin safe na mai kauri ba tare da ribar azahar ba. Da yawansa kuma tsofaffin haruffa ne irin SF, wasu ma ƙasa da haka. Yana da araha, shi ke nan.

Man awo da ake ɗiba daga durom a gora ko kwalba ban sa shi a sahun zaɓi ba. Yana iya zama na kirki, yana iya zama ɗanyen mai ba sinadari, yana iya zama wanda aka juye daga wata motar aka tace, kuma ido ba ya bambancewa.

Tiritmen, mai lamba 60 da man giya

Yawancin tiritmen sinadarin ƙara kauri ne a cikin ɗan mai. Gwangwani ɗaya a lita huɗu yakan ɗaga man kusan mataki guda, amma yana tsarma sinadaran da kamfani ya auna, kuma kaurin nasa yana raguwa da tafiya. Wanda zai sayi 15W-40 ya ƙara masa tiritmen don ya zama 50, gara ya sayi 20W-50 tun farko, ya fi araha, ya fi tabbas. Mai lamba 60 kamar 10W-60 yana nan, amma kuɗinsa na motocin tsere ne, kuma injin da sai da 60 yake riƙe firesha ya riga ya faɗi abin da yake bukata. Masu zuba man giya lamba 90 kuwa sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago: ma'aunin lambobin giya daban yake, 90 ɗin nan kaurinsa da zafi kusan na 40 ko 50 ne na inji, ba shi da sinadarin wanke datti, kuma farar wutar da ke cikinsa tana iya cin tagullar metal.

| Zaɓi | Riƙe firesha da zafi | Gudu da safe | Farashi | Tazarar juye da nake ba da shawara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| 5W-30, 10W-30 | Rauni a injin da ya ci | Mafi sauri | Ninki biyun 20W-50 ko fiye | Kilomita 5,000 | Shan mai, jabu |
| 10W-40 | Matsakaici | Da sauri | Sama da 20W-50 | Kilomita 4,000 zuwa 5,000 | Tsinkewa da aiki |
| 15W-40 | Matsakaici, mai ɗorewa | Daidai | Kusa da 20W-50 | Kilomita 4,000 zuwa 5,000 | Sakin dagwalo, toka |
| 20W-50 | Mai kyau | A hankali | Matsakaici | Kilomita 3,000 zuwa 4,000 | Jabu, nauyin safe |
| SAE 40 | Matsakaici | A hankali | Mafi araha | Kilomita 2,500 zuwa 3,000 | Ƙarancin sinadari |
| Tiritmen | Na ɗan lokaci | Mafi nauyi | Ƙari a kan kuɗin mai | Ba ya ƙara tazara | Ɓoye ainihin cuta |

Tazarorin nan gajeru ne da gangan. Tsohon inji yana tura hayaƙi da fetur cikin mai ta gefen ringi, ƙurar hunturu kuma tana shiga ta duk inda filtar iska ta yi sako-sako. Ga kuma al'adarmu ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wadda take hana inji kaiwa zafin da zai ƙone ruwa da fetur ɗin da suka shiga mai, har dagwalo ya taru.

Wane ne ya dace da wa

Mai Corolla ko Camry ko Accord ta bayan 2000, wanda geji ya nuna masa firesha lafiya amma inji yana ɗan shan mai, ya hau zuwa 10W-40 ya tsaya nan, ya sake aunawa bayan kilomita 2,000. Tsallakawa kai tsaye zuwa 50 a irin wannan inji sayen matsala ne da kuɗi.

Mai tsohuwar mota ta shekarun 1980 ko 1990 da firesharta take ƙasa-ƙasa amma ba ta kai ga kunna fitila ba, musamman mai doguwar tafiya zuwa Kaduna ko Maiduguri, 15W-40 mai haruffan C da S ne nasa. Haka nan duk tsohon injin dizal.

Wanda fitilarsa ke ƙiftawa a silo da azahar kaɗai, ta mutu da an taka, geji kuma ya tabbatar cewa a juyi 2,000 da 3,000 tana kaiwa ƙa'ida, shi ne ainihin mai 20W-50. Direban haya da ke yini a cunkoson gari yana cikin wannan rukuni. Nan Golf ɗita ta ƙare bayan an wanke rariya: ƙararrawar ta daina, silo ya rage ɗan rauni, 20W-50 da filta ta kirki suka riƙe ta har na sayar da ita. Ya kyautu irin wannan mutum ya sa a duba lagireto da fanka, a kuma mayar da silo inda littafi ya ce, domin sauke zafin mai da digiri 10 yana iya ba da abin da mataki ɗaya na kauri yake bayarwa.

Wanda aljihunsa bai kai ba sai SAE 40, ya nemi na sanannen kamfani a rufaffen galan mai harafin da bai gaza SF ba, ya riƙa ɗumama inji, ya kuma matso da juye. Tiritmen kuwa na wanda ya riga ya sa ranar gyara ne, yana neman motar ta kai shi ƙarshen wata.

Saura wanda allurarsa ba ta kai ƙa'ida ko a juyi 3,000, ko fitilarsa take kamawa yana cikin tafiya, ko yake jin ƙwanƙwasa daga ƙasa idan ya taka, ko ya ga ƙyalƙyalin ƙarfe a man da aka juye. Wannan ya ajiye maganar galan. A injina da yawa ana iya canza metal da famfo ta ƙasa ba tare da an sauke inji ba, matuƙar karanshaf bai yi zane ba. Idan ya yi, sai a kai shi a wasa, a sa metal mai lamba 10 ko 20, wato ragin milimita 0.25 ko 0.50, maimakon sitanda. Idan aka jira har ya buga, lissafin ya koma na sayen injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa, kuma shi ma wannan, kafin a biya kuɗin ɗauri, a buɗe murfin samansa da kaskonsa a ga launin cikinsa, sannan ranar da aka tayar da shi a ɗaura masa geji.